Kaset Mai Kukan Gyare

Komai daɗewa, ba na jin zan manta da ranar da wani dattijo ya shigo shagona a Herwagana da kaset ƙunshe cikin hankici. Lokacin ne mutane ke ta kwararowa Gombe daga gabas, kowa da ɗan abin da ya tsira da shi. Sana'ata juye tsofaffin kaset zuwa memori, kuma a lokacin ina ji da kaina, gani nake duk garin babu mai kunnena.

Tsohon malamin lissafi ne, yana zaune wurin 'yarsa a Tumfure. An ƙone gidansa, babban ɗansa kuma bai fita da rai ba. Abin da ya rage masa na marigayin ke nan, kaset ɗin. Ya fara yi mini wani bayani, na tari numfashinsa na ce, "Haba Baba, aikinmu ne, ka dawo gobe."

Da na kunna, babu waƙa babu magana, sai wani tsiwirwiri kamar kukan gyare. Na yi abin da na saba yi wa kaset ɗin biki da na wa'azi: na juye, na tace sautin tas, na share juyin farko da ban tace ba. Garin haka zaren kaset ɗin ya tsinke, na liƙe shi da salatif.

Washegari Baba ya saurara, ya ɗago kai. "Ɗan nan, ina kukan?" Na ce na cire. Ya ce, "Ai kukan shi ne aikin." Ashe da can yana da wata 'yar kwamfuta ta gida da ake jona wa talabijin, a kaset take ajiye aikinta. Ɗansa yana shekara goma sha biyu ya rubuta wani abu da ita, ita kuwa ta ƙone tare da gidan. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Maƙwabciyata mai gyaran kwamfuta ce ta cece ni, bayan ta wanke ni tas. "Kai dai gaggawa za ta kashe ka," in ji ta. Ta ce akwai manhajar da ke kwaikwayon irin waɗannan tsofaffin kwamfutoci. Da can sai an ba ta sauti lafiyayye, amma sabuwar da ta fito tana sauraren rikoda kai tsaye in an jona ta da kwamfuta, tana kuma haƙuri da zaren da ya saki. Matsalar, zaren nan da wuya ya jure kunnawa fiye da ɗaya.

Muka jona. Ni na yi bisimilla, Baba ya rufe ido yana tasa addu'ar. Gefen allon ya dinga walƙiya da layuka. Da aka zo wurin salatif ɗin sautin ya yi rawa, layukan suka tsaya, sai kuma suka ci gaba.

Can sai zane ya fara fitowa layi-layi: gida, bishiyar mangwaro, akuya, da wani mutum mai ƙaton tabarau. A ƙasa an rubuta, "Gidanmu. Baba yana makin jarrabawa, kada a dame shi." Na ɗauka kuka zai yi. Dariya ya yi har da tari, ya ce, "Ja'iri, dubi yadda ya yi mini kunnuwa." Ni ne ma na juya baya ina share ido.

Muka sa masa manhajar da zanen a kwamfutar 'yarsa. Daga baya ya aiko mini cewa 'ya'yan marigayin sun koyi ƙara wa zanen kaji, ƙaramar ma ta dage sai ta yi wa gidan sabon rufi.

Tun ranar na gane cewa iya aiki ba ya hana tambaya. In mutum ya miƙo maka abinsa da hannu biyu, ka bari ya gama magana kafin ka taɓa.