Jalo Mai Duban Fure

Jalo bai taɓa mallakar gona ba, amma daga Kutama har Gude babu gonar da bai san hanyarta ba. Asalinsa makiyayi ne. Ciwo ya share masa shanu tun yana da ƙarfinsa, ya tare a Kutama da sandarsa da 'yarsa guda, Raliya. Noma kuwa, Allah na gani, ko kunya ɗaya bai iya jawowa ta miƙe ba.

Abin da ya iya shi ne kallo. Damina na kankama, da an idar da sallar asuba zai saɓa sanda ya shiga gonakin mutane. Furen gyaɗa ba ya jiran mai nawa, da rana ta ɗaga ya yanƙwane, shi ya sa yake sammako. Zai tsuguna ya ɗaga ganye da ɗan yatsa, ya yi ta kallon 'yan rawayen nan har raɓa ta jiƙa masa wando. Daga nan ya leƙa kuɓewa, ya gaida kabewa, ya dawo gida da yunwa yana murna kamar wanda aka yi wa haihuwa. Da farko dariya ake masa. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba.

Sai aka lura idan ya miƙe ya ce, "Gonar nan ta yi dariya," to mai ita ya tanadi buhuna. Lokacin kuwa gyaɗa ce komai, manyan motoci na jidarta zuwa Kano. Mutumin da ake yi wa tsiya ya koma ana tare shi a hanya ana roƙon ya leƙa.

Mijinyawa, mijin Raliya, gona ɗaya gare shi, rabi gero rabi gyaɗa, kuma daga gidansa ake kai wa Jalo tuwo. Wata shekara Jalo ya ce masa, "Ƙasar nan gyaɗa take so. Ban taɓa ganin fure irin naka ba. Baɗi ka ba ta duka."

"Baba, geron fa?"

"Mai gyaɗa ai ba ya rasa gero."

Mijinyawa ya bi maganar surukinsa. A daminar ce darɓa ta sauka, waɗannan ƙananan ƙwarin masu manne wa ganye. Jalo ne ya fara gani. Ganyen ya murɗe ya ƙanƙance, furen ɗai-ɗai, su ma ba su da rai. Ya yayyafa toka. Ya kwashi ƙwarin da hannu, tsoho da shi, kunya bayan kunya, washegari ya tarar sun ninka. Ya taka har Gwarzo neman malamin gona, aka ce da shi ƙasar duka haka take.

Mijinyawa ya same shi tsugune a tsakiyar gonar. Ya gaishe shi a natse, sannan ya ce, "Baba, yaya ka gani?"

Jalo ya saki ganyen da ke hannunsa, ya sunkuyar da kai. Mutumin da ya shekara ashirin yana yi wa gonakin mutane albishir, yau an zo kan gonar mijin 'yarsa, babu albishir. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba.

Maƙwabta sun sha asara, amma suna da gero a rumbu. Gidan Raliya babu. Mijinyawa ya tafi cin rani tun kafin kaka ta ƙare. Raliya ba ta fasa aiko da kwanon tuwo ba, sai dai Jalo ya san daga bakin jikokinsa ake rago shi. Yakan mayar, ya ce ya ci a wani gida. Ƙarya yake, kowa ya sani.

Da wata daminar ta zagayo, na wuce shi da safe a ƙofar ɗakinsa, ya juya wa gonaki baya, sandar na jingine. Na ce, "Baba Jalo, wake ya yi fure, ba za ka leƙa mana ba?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Don Allah, kada ka gaya mini."