Ranar da Na Kashe Uwata a Shafin Hajiya

Sana'ata buɗe wa 'yan kasuwa shafi a intanet. Ina da ɗan shago na kwantena a unguwar Sakasaka cikin Tamale, fanka ɗaya, kwamfuta biyu, da allo a ƙofa wanda na cika da Turanci mai kauri don a ɗauka ni wani ne. Masu man kaɗe, masu ɗinkin rigunan saƙi, masu masaukin baƙi, duk wurina suke zuwa. In ɗauki hoto, in tsara bayani, in sa shagon mutum a taswirar waya yadda baƙo zai same shi ba sai ya tambayi mai yalo-yalo, wato ɗan adaidaita sahu, ba. A shekarun da nake ba da labarinsu ina ji da kaina ba kaɗan ba. Duk wanda bai san mene ne shafi ba, kallon ɗan ƙauye nake yi masa.

Hajiya mai tuwo tsohuwar ƙawar mahaifiyata ce, makarantar Islamiyya ɗaya suke zuwa a Moshi Zongo. Tun ina rarrafe take da rumfarta a bakin titi, tuwon zafi da miyar ayoyo, kuma tun lokacin "ɗana" take kirana. Da aka buɗe sababbin gidajen abinci masu gilashi, baƙi suka fara wuce ta. 'Yarta, wata malamar makaranta da ke aure a Kanvili, ita ta matsa mata ta zo wurina.

Na je na ɗauki hotuna. Aka zuba mini tuwo yana tururi, na yi ta juya kwanon ina neman haske har ya huce, na tattara kayana na tafi. Ko loma ban kai baki ba. Ni a lokacin soyayyar shinkafa ce abincin wayayyu.

Shafi ya yi kyau, amma wurin da masu ci ke rubuta ra'ayinsu fayau yake. Na san baƙo ba ya shiga inda ba wanda ya yaba. Sai na yi abin da na saba yi wa kowa: na buɗe sunaye bakwai na ƙarya na rubuta yabo bakwai, kowanne da taurari biyar. Akwai Baturiya mai aikin agaji, akwai ɗan kasuwa daga Kumasi, akwai ɗalibai. Na bakwai kuwa na ce bari in sa masa gishiri. Na mai da kaina direban babbar mota na rubuta: "Na tsaya a Tamale a hanyata ta zuwa Bolga. Loma ɗaya na kai baki hawaye ya zubo mini. Tun da mahaifiyata ta rasu ban sake cin miyar ayoyo irin wannan ba. Allah ya yi wa mai wannan hannu albarka."

Wallahi har tafa wa kaina na yi. Mahaifiyata kuwa, wadda muke kira Mma, tana gida garau tana tsince shinkafa.

Bayan kwana kaɗan Hajiya ta aiko in zo. Na same ta zaune a benci, 'yarta a gefe riƙe da waya. Ashe ta karanta mata duka bakwai ɗin, ta fassara mata ɗaya bayan ɗaya, na direban kuma sau uku aka maimaita. Idon Hajiya ya yi ja.

"Ɗana, wannan bawan Allah, za ka iya nemo mini shi?"

Bakina ya riga ya saba da ƙarya. Na ce, "Hajiya, ai intanet ba ya ba da adireshin mutum."

"To shi ke nan. Duk ranar da ya dawo ba zai biya ko sisi ba. Shekara nawa ina tuƙa tuwon nan, ba wanda ya taɓa gaya mini magana irin wannan."

Nan ya kamata in faɗi gaskiya. Ban faɗa ba. Na ce a raina tsohuwa ce, kwana biyu za ta manta. Baƙi kuma sun ɗan fara shigowa, sai na riƙe wannan na ce ai taimako na yi.

Ba ta manta ba. Duk direban da ya zauna a bencinta sai ta ƙura masa ido ta tambaye shi ko mahaifiyarsa na da rai.

Ranar Juma'a na dawo daga masallaci na tarar da Mma a tsakar gida da kwanon masa a gabanta. Ta ce Hajiya ce ta soya ta raba wa tsofaffin unguwa, sadaka ce Allah ya kai ladan kabarin uwar wani direba maraya. Kafin in buɗe baki ta ɗaga hannu sama. Ta roƙa wa matar gafara, ta roƙa a yalwata mata kabari, a sanyaya mata makwanci. Sannan ta harare ni.

"Kai ba ka iya cewa amin ba ne?"

Na ce amin. Ina kallon uwata tana yi wa kanta addu'ar mamaci, na ce amin. Ta miƙo mini masa biyu, na tauna na tauna ta ƙi wucewa.

Na yi niyyar share rubutun ranar Asabar. Na buɗe kwamfuta, sai na tuna 'yar Hajiya za ta lura, za a tambaye ni, sai na rufe. Juma'a ta biyu kwanon ya sake zuwa, na laɓe a shago har la'asar. Tsoron kunya ne kawai ya hana ni, ba wani abu ba, kuma ina sane cewa tsohuwar nan daga ribar tuwonta take sayen shinkafa da mai.

Juma'a ta uku ban tsira ba. Mma ta tsare ni, ta gama addu'arta, ta shafa, sannan ta yi ajiyar zuciya.

"Allah sarki, wannan yaro ɗan albarka ne. Allah ya sa bayan raina kai ma ka tuna da miyata haka."

Nan na kasa. Na durƙusa na gaya mata komai: babu direba, babu Bolga, ni na rubuta, kuma uwar da ake wa sadaka ita ce. Ta ajiye masar da ke hannunta.

"Me ya kashe ni?"

"Ban rubuta ba, Mma."

"Oho. Ko ɗan zazzaɓi ba ka ba ni ba, kawai ka binne ni."

Na ɗauka dariya za ta yi, amma ba ta yi ba. Ta juye sauran masar a faranti, ta wanke kwanon Hajiya da kanta, ta yafa mayafi. Ta ce, "Tashi ka ɗauka." Na ce ta bari in je ni kaɗai gobe. Ta ce wanda ya yi Juma'a uku yana cewa gobe, ita ba ta san gobensa ba.

Haka muka ratsa unguwa da rana tsaka, tana gaba ina biye da kwano, ƙato da gemu. Kowa ya gaishe ta sai ta tsaya ta amsa a tsanake. Ban taɓa sanin hanyar nan tana da tsawo haka ba.

Muka sami Hajiya tana kwashe tuwo, mutum biyu suna ci a benci. Mma ta yi sallama ta ce, "Hajiya, ga mamaciyar ta zo godiya da ƙafarta." Sannan ta koma gefe ta bar ni.

Na faɗa, kaina a ƙasa. Hajiya ta ajiye mara. Ta dubi Mma ta ce alhamdu lillahi tunda tana da rai, sadaka kuma ba ta faɗuwa ƙasa, akwai iyaye da yawa a kabari da ba mai yi musu. Har na fara jin sanyi a raina. Sai ta juyo gare ni.

"Sauran shidan fa?"

"Ni ne, Hajiya."

"Baturiyar ma?"

"Ita ma ni ne."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Ashe ba wanda ya yaba."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce in share su duka kafin magariba, na ce to. Na yunƙura zan tashi ta ce in zauna. Ta ɗauko kwano ta sa malmala biyu, ta zuba ayoyo da jar miya a kai, ta ajiye mini ruwan wanke hannu. Ta zauna a gabana ta naɗe hannu.

Na wanke hannu na kai loma. Jama'a, miyar nan ta yi daɗi. Daddawa ta ji daidai, yauƙin bai yi yawa ba, tuwon laushi kamar auduga. Duk abin da na ƙirƙira a bakin direba ashe bai kai rabin gaskiya ba, kuma tun ranar da na zo ɗaukar hoto yake gabana. Idona ya cika da ƙwalla ta gaske. Na ɗago kai na buɗe baki zan gaya mata.

Ta ɗaga mini hannu.

"Ci kawai, mai kwamfuta. Ko ka faɗa, ta ina zan san gaskiya ne?"

Na sunkuyar da kai na cinye tas. Har yau ina zuwa rumfarta, ina biya kamar kowa, tana amsa gaisuwata da fara'a. Shafinta na nan, yabo uku ne kacal a kai, na mutanen da ban sani ba. Amma tun daga ranar ba ta sake ce mini "ɗana" ba.