Fawa-fak na Huɗu: Daga Bebeji zuwa Doguwa

Bebeji

Ana idar da sallar asuba na rataya jakar kayan aiki na nufi tasha. Baba Sale, ƙanin mahaifina, shi ya tashe ni tafiyar. Bayan ya yi ritaya daga koyarwa ya buɗe shagon buga takardu a Doguwa, da kwamfutar tebur guda ɗaya. Daga farkon damina zuwa yanzu fawa-fak uku ta ƙona, wato akwatin da ke raba mata wuta. Ga ɗalibai na jiran rajistar jarrabawa, ga mutane sun fara cewa shagon an yi masa sammu.

"Nasiru, in ka duba ba ta gyaruwa, rufewa zan yi," ya ce da ni a waya.

Kwanar Ɗangora

Da hantsi na sauka a ƙasar Kiru, wurin abokina Habu mai sayar da kayan kwamfuta. Ya ɗauko fawa-fak biyu. Ɗaya sabo dal a kwali, an rubuta masa ƙarfin wuta wat ɗari shida. Ɗaya kuwa an ciro shi ne daga wata kwamfutar ofis, wat ɗari uku da hamsin. Na jinjina sabon na ji nauyi, na ce shi zan ɗauka, don mu a sana'armu nauyi alamar kayan kirki ne.

"Wani ya dawo min da irinsa jiya a ƙone," in ji Habu. "Mu buɗe shi mu gani tukuna."

Muka kwance wanda aka dawo da shi. Innalillahi! Dunƙulen siminti ne aka naɗe da salatef aka manna a ciki, har da wayoyi biyu da ba su haɗu da komai ba. Habu ya zauna a kan benci ya riƙe kai, don katan guda ya saro. Na ɗauki tsohon, bayan mun gwada shi mun ga fankarsa na juyawa lafiya, wutarsa kuma a tsaye.

Tudun Wada

Na samu wata ƙaramar mota, mu huɗu a baya. A Tudun Wada muka tsaya na ci waina da miya. Kafin shiga dajin Falgore jami'an tsaro suka tsayar da mu, ɗaya ya ga akwatin ƙarfe da wayoyi a jakata, ya ja da baya. Sai da direba ya rantse masa cewa mai gyaran kwamfuta ne ni kafin ya bar mu.

Doguwa

Mun iso gab da azahar. Na gaida Baba, muka yi salla, ya buɗe min shago. Ƙaurin roba bai gama fita ba.

"Baba, daga ina kuke samun wuta?"

"Janaretan mai injin niƙa na bayanmu. Amma ai ina da sitabilaiza mai daidaita wuta, ga fitilarta nan a kunne."

Ban saka fawa-fak ɗin ba. Na soka mitar auna wuta a soket na tsaya ina kallo. Injin niƙa na aiki, wuta ta yi ƙasa sosai. Yana tsayawa sai lambar ta yi tsalle ta kusa ɗari uku, alhali ɗari biyu da ashirin ake so. Na gwada wutar da ke fitowa daga sitabilaiza, ba bambanci ko kaɗan.

Da na buɗe ta, sai na ga an yanke wayoyin cikinta an ɗaura shiga da fita kai-tsaye, an bar fitila kawai tana ci. Robar wayar ta narke ta yi baƙi, kuma sitabilaizar a kan tulin takardu take zaune.

Baba ya saka tabarau ya leƙa. "Bara ta lalace na kai wa wani mai gyara a kasuwa. Rabin yini ya dawo min da ita." Ya dubi takardun, ya dubi rufin shagon. "Nan yaran mutane suke cika, Nasiru."

"Allah ne ya tsare, Baba."

Muka je wurin mai injin. Bai yi musu ba, ya ce shi ma ƙwayayen fitilarsa ba sa sati. Muka cire layin Baba daga nasa, aka aro ƙaramin janareta a wurin surukin Baba, muka sayo wata sitabilaiza, wadda sai da na buɗe ta a gaban mai shagon kafin a biya. Bayan la'asar na saka fawa-fak, kwamfuta ta tashi. Ɗalibar farko da aka yi wa rajista har guɗa uwarta ta yi a ƙofar shago.

A gidan Baba na kwana, bayan tuwon masara da miyar kuɓewa. Sanyin Doguwa sai da bargo.

Komawa

Washegari aka cika min buhu da rake. A Kwanar Ɗangora na tarar da Habu ya jera fawa-fak ɗin katan ɗin nan a ƙasa yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da simintinsa. Na isa Bebeji da yamma. Ina cire takalmi Baba ya kira, ya ce layin ɗalibai ya kai bakin titi, kuma ya kwashe takardun ya mayar da su kabad.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Habu da bai bari na ɗauki sabon ba.