Masara ta tsiro a ɗakina

'Ya'yana, yau na ga tashin hankali! Innarku ce, ƙanwarku Rahila ke rubuta mini.

Na shiga ɗebo masara a ƙuryar gidan nan da na saya da rani. Buhunan duk sun yi tsiro! Bango ya yi baƙi da fumfuna, ƙasa sai tsattsafo da ruwa take. Na fashe da kuka.

Maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Wayyo Inna! Ai kududdufi ne aka cike aka gina gidan. Wa ke sayen gida a nan bai gan shi da damina ba?"

Rahila ta ce, "Mu shanya."

Na damƙo masarar, ta dagargaje a hannuna.

Noman babanku na ƙarshe ke nan, da shi na so in kai kaka. Ko tiya ɗaya ba ta tsira ba.