Ƙwayar da Agogo Ta Ba Direba

A masana'antar sabulu aka laƙaba mata Agogo, don shekara da shekaru tana naɗe sabulu a takarda, ba a taɓa rufe ƙofa tana waje ba. Mijinta kuwa, Direba, mai jan babbar bas, shi da lokaci ba sa ga maciji. Kullum sai ya makara, ya shigo yana dariya: "Ranki ya daɗe, agogon naki ne ke gudu." Ita ta yi ta faɗa, shi ya yi ta tsokana, a haka suka haifi 'ya'ya har suka aurar.

Sai ciwon mantuwa ya kama shi. Wata rana ya tsaya da bas cike da mutane a tsakiyar titi, ya juyo yana tambayar fasinjoji ina za shi. Sunayen jikoki suka tafi, na 'ya'ya suka bi baya. Ita kaɗai ta rage masa. Ko tari ta yi a kicin sai ya ce, "Ga Agogona nan." Abin da take tsoron rasawa ke nan a duniya.

A asibiti wata likita ta ce mata gwamnati ta tsara shiri na ƙasa baki ɗaya kan wannan ciwo, ana gwajin sabon magani, ana neman masu shiga. Ba ta ɓoye mata komai ba: rabin mutane za su sami maganin, rabi kuma ƙwaya mai kama da shi wadda ba komai a cikinta, kuma ba mai sanin nasa sai an gama. Agogo ta gyaɗa kai, amma rabin farko kaɗai ya shiga kunnenta. Sharaɗin shi ne kada a tsallake ko rana guda. Wa aka gaya wa? Agogo fa!

Direba ya tsani ƙwayar nan. Ta lallashe shi, ya tofar. Ta daka ta zuba a shayi, ya gane, ya daina karɓar ko ruwa daga hannunta. Daga nan ta fara kiran babban ɗansu ya riƙe masa hannuwa, ita ta matse masa hanci har ya buɗe baki. Babban mutum yana hawaye, gemu ya jiƙe. In ta gama sai ta shige bayi ta yi nata kukan.

"Mama, don Allah ki ƙyale shi haka nan," in ji autarsu, wadda ta dawo gida don taya jinya.

"In ƙyale shi ya manta da ni? Ke kin san abin da kike faɗa kuwa?"

Da gwajin ya ƙare aka kira ta asibiti. Likitar ta ja kujera kusa da ita, ta kama hannunta, ta ce Baba yana cikin waɗanda aka bai wa ƙwayar da ba komai. Ta yi mata godiya sosai, ta ce ba don irinsu ba da binciken bai yiwu ba, kuma na baya za su amfana. Gaskiya ta faɗa. Sai dai Agogo ba don na baya ta matse hancin mijinta ba.

Ta dawo a ƙasa, ta wuce tashar bas ba ta ma gan ta ba. Ta tarar da shi a falo, auta na ba shi abinci da cokali. Ta durƙusa gabansa, ta buɗe tafukanta biyu.

"Direba, duba. Ba komai. An gama, wallahi an gama."

Ya dube ta, ya matsa ya ɓuya a bayan auta, ya kama gefen rigarta.

"Yarinya," ya ce a hankali, "ki gaya wa matar nan na riga na sha."