Kiran Zubeda-ben da ban ɗauka ba

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, wajen ƙarfe uku na rana, wayata ta yi ƙara a shagon ɗinkina da ke Leicester. Na duba na ga sunan Zubeda Mangera. Na san abin da take so, wato in raba aikina da wata tela, ni kuma ba ni da niyya. Sai na yi dabarar manya: na kashe ƙarar, na cusa wayar a aljihun wata rigar aiki da ke rataye kusa da ni. Kafin in gama shan shayi an naɗe rigar, an sa a kwali, mota ta wuce da ita Glasgow.

Washegari da safe Zubeda ta yanke jiki ta faɗi a tashar jirgin ƙasa ta Blackburn, tana hanyar zuwa aiki. Zuciya ce, in ji likitoci. Shekararta hamsin da ɗaya. Ranar Alhamis aka yi jana'izarta. Saƙon rasuwar ya isa wayata a kan lokaci, tana can cikin kwali. Ni sai ranar Juma'a babbar 'yata Tasnim ta shigo shago ta ce, "Abba, ajiye almakashin nan ka zauna." Daga Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Na faɗi haka, amma har yau kaina bai gama ɗauka ba.

Zubeda-ben, 'yar'uwata, bokona bai yi nisa ba, kin fi kowa sani, tunda ke kika sha gyara mini takardu. Wannan kuwa babu mai gyarawa, sai ki yi haƙuri da ita.

Shekara tara ke nan da haɗuwarmu, a taron ƙungiyar nan da manyan kamfanoni ke shiga don su riƙa sayen kaya a hannun irinmu 'yan tsiraru. Kowane kamfani da teburinsa, kowane ƙaramin ɗan kasuwa minti goma, a kaɗa ƙararrawa ya tashi. Ke kike wakiltar wani kamfani mai manyan kantuna. Ni kuwa na zo da katin da aka rubuta Mista Harrison a kai. Shekara goma sha biyar da sunan nake amsa waya, domin na lura idan na faɗi sunana na gaskiya, Idris Bhayat, sai a ce mini manaja ya fita.

Kika karanta katin, kika dubi gemuna.

"Mista Harrison, daga wane ƙauye a Gujarat?"

Na ce, "Wajen Surat," wato asalinmu can Indiya.

Kika ce, "Na ji a bakinka. Bhai, ɗan'uwana, abin da kake ta ɓoyewa ai shi ya shigo da kai ɗakin nan."

Na zaci na samu shiga, na fara murmushin 'yan gari ɗaya. Sai kika ɗauki wandon da na kawo, kika juya cikinsa waje, kika bi ɗinkin da farce. Kika ce, "Ba na sayen suna, naka ko na aro. Ɗinkin nan zan saya, idan ka gyara aljihun baya."

Asabar ta zagayo sai ga ki a shagona, kin hawo jirgi tun daga Blackburn da takardu shafi arba'in. Muka wuni muna cikewa, kina cin soyayyen wake a takarda, kina tambayata ko a makaranta barci na je yi. Da na kai kayan farko aka tarar koren launin rigunan bai yi daidai da na kamfani ba, ba ki rufa mini ba. Kika sa na sake ɗinke riga ɗari shida. Sai bayan shekara biyu wani ya gaya mini irin tsayuwar da kika yi gaban shugabanninki har suka ba ni mako biyu maimakon su sallame ni. Ke ba ki taɓa ɗaga zancen ba. Keken ɗinki biyar kika same ni da su. Yau ashirin da biyu ne, kowanne da gidan da yake ciyarwa.

A tsawon shekarun nan abu ɗaya kika roƙe ni. Akwai Hodan Warsame, 'yar Somaliya, mai keke huɗu a wani ɗaki bayan masallacin unguwarmu. Manyan kamfanoni ba sa sayen kayan wanda bai taɓa kai babban aiki ba, ita kuma babu mai ba ta na farkon. Kika ce, "Idris-bhai, ba ta wando dubu biyu cikin naka, ta ɗinka da sunanta."

Na ce, "Ben, hannun matar nan ya fi nawa. Shekara uku ta kore ni daga kasuwa."

Kika ce, "Sai ka gyara naka hannun."

Na fake da ciwon gwiwa. Na fake da bikin ƙanen matata. Da uzuri ya ƙare, na daina ɗaukar waya.

Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa duk gidan da ya ci abinci ta dalilinki ya zame miki shaida. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki Yakub-bhai, da 'ya'yanki Amena da Huzaifa, da abokan aikinki na ƙungiya. Allah Ya ba ku haƙuri. Ku yafe mini rashin ganina a maƙabarta, ni na jawo wa kaina.

Jiya na je wurin Hodan. Na ɗauki wando ɗaya na juya cikinsa, na nemi abin gyara na rasa, tsoron da nake ji ma sai ya ƙaru. Ta tsayar da kekenta ta ce, "Kai ne Idris? Tun watan Yuli Zubeda ta ce mini za ka zo. Ta ce kana cika alkawari, sai dai jan ƙafa."

Ban taɓa yi miki wannan alkawarin ba, ben. Ke kika yi shi da sunana. Ranar Litinin yadin zai isa ɗakin Hodan, a taron wata mai zuwa kuma ni zan tsaya kusa da ita a gaban teburi, in faɗa da bakina cewa ta fi ni.