Tokumaru da Jifansa na Sallama

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Nuwamba, da hantsi, ina share ganyen da iska ta zubo mini a ƙofar gida, 'yarka Kazuha ta kira ni a waya. Ta ce, "Kawu Marumo, Baba ya tafi." Ta ce a kan kujerarka aka same ka, wadda ke fuskantar teku, shayinka bai ma huce ba. Ciwon huhun da ka daɗe kana raina masa wayo shi ya yi ajalinka. Na jingine tsintsiyar, na tsuguna a wurin, irin tsugunon da na yi maka na kusan shekara ashirin a bayan mai bugu, duk da gwiwoyina sun daɗe da daina yarda da shi. Na yi kuka, Yaya Toku, kuka mai sauti, har maƙwabciyata ta leƙo.

Waɗanda ba su riski zamaninmu ba, bari in gaya musu. Tokumaru Shigeji shi ne mai jifa na ƙungiyar besbol ta garinmu, Balbelun Teku, wanda ake damƙa wa ƙwallo ya buɗe wasa. Ni ne mai cafe masa. Shi yana tsaye a kan tudun jifa, ni ina tsugune da safar fata, tsakaninmu akwai mai bugu, wani ƙato da sanda wanda ba shi da buri sai ya raba mu da abincinmu. Haka muka rayu.

Ranar da na fara zuwa sansanin horo, ina ɗan sabon shiga gajere mai tumbi, ka dube ni sama da ƙasa ka ce, "Wannan tulun kuma wa ya ajiye shi a nan?" Sunan ya bi ni har yau, jikokina ma sun san shi. Sannan ka jefo mini ƙwallo ta farko. Filinmu yana bakin teku, da safe hazon ruwa yakan kwanta a kan ciyawa har ba na ganin ƙafafunka, sai ƙirjinka da hannunka suna yawo a sama. Daga cikin farin nan ƙwallon ta fito, ba gaggawa, kamar tana tunanin inda za ta, sai kawai na ji ta a tafin hannuna. Har yanzu idan gyangyaɗi ya ɗauke ni da rana nakan ga wannan ƙwallon tana tahowa, kuma yatsana na hagu da ka karkatar yakan motsa da kansa.

Ba ka taɓa sa rigar wata ƙungiya ba. Sau biyu manyan ƙungiyoyin Tokyo suka aiko neman ka, lokacin da hannunka ke ganiyarsa mu kuma muna jan gindi a ƙasan teburin gasa. 'Yan jarida suka tambaye ka dalilin ƙin tafiya, ka ce taliyar soba ta can ba ta da ɗanɗano. Suka rubuta hakan kuwa. Ni na san abin da ya riƙe ka: masuntan nan da ke sauka daga jirgi su wuce filin wasa kai tsaye da ƙarnin kifi a jikinsu, su zage ka tas idan ka yi sake, su kuma jira ka a ƙofa su danƙa maka kifi a takarda. Ka taɓa ce mini mutumin da ya zage ka yana sonka ya fi wanda ya yi maka tafi bai san ka ba.

Kana da faɗa, kada a yi maka ƙarya don ka mutu. Amma duk mai bugun da ƙwallonka ta sama a jiki, sai ka cire hula, washegari kuma a gan ka a masaukinsu da kwandon lemo. Idan ɗan wasanmu mai tsaron fili a bayanka ya yi kuskure ya jawo mana asara, kai kake fita gaban 'yan jarida ka ce jifanka ne bai yi kyau ba. Duk lokacin da aka sauke ka daga tudu, sai ka durƙusa ka cike ramin da ƙafarka ta haƙa, ka shafe shi da tafin hannu, don mai zuwa bayanka ya sami wuri mai kyau. Kuma a duk shekarun nan ba ka taɓa girgiza mini kai ba. Irin jifan da na nuna maka da yatsu shi kake jefowa, in an buge mu ka ce, "Tulu, gobe ka yi tunani da kai, ba da ciki ba."

Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo. Kafaɗarka ta fara gardama, aka yi aiki, aka sake, har ya zama da safe sai matarka Fusae ta sa maka hannun riga. Ƙungiya ta sa ranar wasan sallamarka a ƙarshen kaka, wasan da ba ya ƙara wa kowa matsayi ba ya rage shi. Kowa ya san yadda ake yi. Tsohon mai jifa zai hau tudu ya fuskanci mutum ɗaya, shi kuma mai bugun, don ladabi, zai kai sanda inda ƙwallo ba ta bi ba har sau uku, ya sunkuyar da kai ya fita. A kawo furanni, a yi kuka, a tashi. Wanda abokan karawarmu suka zaɓa shi ne Inuzuka, mutumin da kuka shafe ƙuruciyarku kuna hana juna barci.

Ana saura 'yan kwanaki ka kira ni bakin ruwa. Kana kallon jirage ka ce, "Tulu, ni ba maroƙi ba ne. Je ka gaya wa Inuzuka ya buga da gaske." Abin da kake tsoro ba bugu ba ne. Tsoronka shi ne ka sauka daga tudun nan ba ka san ko akwai sauran jifa ɗaya na gaskiya a hannunka ba, ka tafi gida da kyautar tausayi ka zauna da ita har tsufa.

Na sami Inuzuka a masaukinsu yana cin shinkafa da gasasshen kifi. Da na isar da saƙon sai ya ajiye tsinken cin abincinsa.

"Kai Marumo, yayan naka ya haukace ne? In na aika masa ƙwallo bayan katanga ranar furanninsa, ina zan sa kaina a ƙasar nan? Uwata ma sai ta rufe mini ƙofa."

Na ce, "Shi dai ya ce in ka yi masa wasan yara, ba zai sake gaishe ka ba."

"To da can gaishe ni yake yi? Sau nawa ya so cire mini haɓa! Tashi ka ba ni wuri, abincina na hucewa."

Bai yi mini alkawarin komai ba, haka na dawo na gaya maka.

Ranar ta zo da sanyi. Fili ya cika maƙil, masunta sun sa rigunan da suke zuwa biki da su. Hazo ya taso daga teku tun azahar ya tsaya a bayan katanga, har allon maki ya ɓace. Komai na ranar a hankali nake tuna shi, kamar abin da ya faru a ƙarƙashin ruwa. Na nuna maka yatsa, ka jefo. Inuzuka ya kai sanda can sama, nesa da ƙwallon da kamu guda, ya yi wani juyi kamar mai rawa. Jama'a suka ɗauki tafi. Na dube ka, na ga fuskarka ta yi abin da ban taɓa gani ba, ta tsufa a gabana.

Na sake nuna yatsu. Sai ka girgiza mini kai. Na canja, ka sake girgizawa. Ban gama mamaki ba ka ɗaga ƙafa, ƙwallon ta taho kai tsaye wajen haɓar Inuzuka. Ya zube da baya, hularsa ta yi nata wuri. Filin ya yi tsit, ana jin kukan tsuntsayen teku. Ranar sallama, gaban matarka da 'yarka riƙe da furanni, ka kayar da baƙon da ya zo karrama ka.

Inuzuka ya tashi yana kakkaɓe wando. Bai dube ni ba ya ce, "Wannan tsohon ba shi da kunya ko ta sisin kwabo." Ya tofa yawu a tafin hannu, ya haƙa ƙasa da ƙafar baya, ya runtse ido ɗaya yadda yake yi in yana neman jini.

Ta uku ka jefo ta da duk abin da ya rage a kafaɗar nan. Ta taho miƙe, ta zo daf sai ta nutse. Sanda ta wuce ta sama, iskarta ta doki fuskata, ƙwallon ta faɗa safata da ƙarar da na yi shekaru ban ji ba. Ta huɗu kuwa ba ta nutse ba. Inuzuka ya same ta a tsakiya, ta tashi, ta yi ta tashi, ta shige cikin hazon, ba wanda ya ga inda ta sauka. Ya zagaya fili yadda doka ta ce wa wanda ya fitar da ƙwallo bayan katanga, kansa a ƙasa, hawaye na zuba, ba mai tafi ba mai ihu. Kai kuma ka cire hula ka sunkuya masa, ka daɗe a sunkuye, sannan ka durƙusa ka shafe tudunka. Washegari jaridu suka wanke ku tas ku biyun, shi marar ladabi, kai marar godiya.

A ɗakin sauya kaya kowa ya watse, hannunka ya ƙi ɗaguwa, ni na cire maka rigar. Kana kallon bango ka ce, "Tulu, ta ukun nan. Kai ne kusa da shi. Da gaske ya kai mata?"

Na ce, "Da gaske, Yaya."

"Kar ka yi mini ladabi kai ma."

Na ce, "Na ji haƙoransa sun haɗu. Da ta wuce shi, ashar ya yi, irin wanda ba a faɗa gaban Fusae."

Ka rufe fuska da hannun hagu, kafaɗunka na rawa, na kasa gane dariya ce ko kuka. Can ka ce, "To, shi ke nan. Mu je gida." Ba ka sake tambayata ba har ka bar duniya, ni kuma ban taɓa faɗin gaskiyar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba.

Allah ya jiƙanka, Yaya Toku, ya yafe maka zafin zuciyarka, ya sa ka huta hutun da kafaɗarka ba ta samu ba a nan. Fusae, matar Yaya, wadda ta ɗauki nauyin hannun nan fiye da kowa, Allah ya ba ki haƙuri, ya sanyaya miki gidan. Kazuha da yaranki, Allah ya raya ku a kan halinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga masuntan garinmu, da kuma Inuzuka, wanda ya sha zagin ƙasa guda saboda abokin gabarsa ya roƙe shi gaskiya. Mu da muka rage, idan tamu ta zo, Allah ya sa mu sauka da mutuncinmu.